Darasin Keken Ɗinki

Zuwa ga Autata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya kamar yadda muke nan. Na ɗauki biro ne don ba na sakin magana mai nauyi a waya, iska ke kwashe ta.

Kawunki ya zo jiya. Ya ce kujerar aikin akanta da ya riƙe miki a kamfaninsu ba za ta wuce ƙarshen watan nan ba. Ina tuna miki alkawarinki. Idan kwalejin nan ta karɓi bidiyoyin da kike yi na koya wa ɗalibai rubuta lissafin kasuwanci, ki ci gaba. Idan ba ta karɓa ba, ki tattaro ki dawo ki kama aikin albashi kamar 'ya'yan mutane. Alkawari kaya ne.

Amma ba zan ɓoye gaskiya ba, zuwan da na yi wurinki ya bar ni da tunani. Na ga barguna rataye a bango, na zaci shanya ce, kika ce don kada murya ta yi amsa-kuwwa. Kin cire awarwaro kafin ki zauna. Waya a kafe saman tebur tana kallon hannunki da takarda kawai, ba fuska, ba kwalliya. Kin ajiye siririn biro kin ɗauki mai kauri, wai saboda ɗalibin da wayarsa ƙarama ce. Zakaran mai gidan haya ya yi cara a tsakiyar bayani, kika koma farko ko tsaki ba ki yi ba. Ke da na sani ba kya iya jiran ruwa ya tafasa.

Yabon gwani ya zama dole, amma kada kanki ya kumbura. Allah ya yi miki albarka.

Mahaifiyarki.

*

Mama,

Ina gaishe ki da ladabi. Na karanta yabonki na sake karantawa, don na san ba kullum ake samunsa ba.

Darussa sun kammala, saura na ƙarshe, kuma a nan nake roƙon alfarma. Dokata ita ce ba na sakin bidiyo sai wanda bai taɓa karanta lissafi ba ya kalla, ya amsa tambayar da ke ƙarshensa. Maƙwabciyar da nake gwadawa da ita ta lalace mini, Mama. Ta kalli darussan har ta ƙware, yanzu ita ke yi wa mijinta gyaran lissafi a shago. Ke kaɗai kika rage wadda na san ba za ta ji kunyata ba.

Na turo shi wayarki. A kan raguwar darajar kayan aiki ne. Ki kalla ki rubuto mini amsar. Ki gaida Kawu, ki ce kada ya yi saurin share mini kujera.

'Yarki, Auta.

*

Auta,

Gaisuwa da fatan alheri. Na kalla, na sa tabarau na sake kalla. Rubutunki fes, muryarki a natse, layukan a miƙe. Amma ban gane ba.

Kin zana tebur, kin ce tela ta sayi keken ɗinki, kuma kowace shekara ta rubuta wani kaso na kuɗinsa a gefen abin da ta kashe. Wa ta ba? Keken yana ɗakinta, kuɗi bai fita daga jakarta ba. A makarantar da na yi, wanda ya rubuta ya kashe abin da bai kashe ba, sunansa maƙaryaci. In haka ake koya wa yara lissafi, ba mamaki amana ta yi wuya a ofisoshi.

Tambayar ƙarshe kuwa na bar ta yadda na same ta. Ki huta lafiya.

Mahaifiyarki.

*

Auta,

Ina gaishe ki a gurguje, direba yana jira a ƙofa. Yayarki ta gaya mini wai kin goge darasin gaba ɗaya za ki sake sabo, alhali kwaleji na jiran kaya cikin makon nan. Wannan wace irin wauta ce? Don tsohuwa ta ce ba ta gane ba sai ki rushe gini? Ɗaliban nan yara ne masu sabon kai, ni kuwa rabona da aji tun kafin a haifi yayarki.

Na sake kallo da safen nan, na gane sarai. Ki nemo shi duk inda kika jefa, ki miƙa musu. Umarni ne.

Mahaifiyarki.

*

Mama,

Ina gaisuwa, ina kuma neman gafara, karo na farko ke nan da na saɓa umarninki. Da kin gane, da amsar ce farkon abin da za ki rubuto, har da ja mata layi a ƙasa. Na san uwata.

Ba kanki ne ya gaza ba, darasin ne. Na nuna yadda ake rubutawa, ban nuna dalili ba. Ɗalibin da ke kallo shi kaɗai a ɗaki ba shi da malamin da zai ɗaga wa hannu. Zai haddace ya ci jarrabawa, ya je ofis yana rubuta abin da a ransa yake ganin ƙarya ce.

Na roƙi kwaleji ƙarin lokaci. Shugaban sashen ya ce, "Malama, ba mu tsohon mana, wa zai lura?" Na ce an riga an lura. Ya ce ba sa karɓar aiki da giɓi, zangon karatu kuma ba ya jira. Sun ɗauki na wani.

Sabon darasin yana wayarki, na gama shi don kada ya tsaya mini a rai. Ranar Asabar zan taho da kayana. Ki gaya wa Kawu na amsa.

'Yarki, Auta.

*

Autata,

Bayan gaisuwa. Ƙarya na yi miki a waccan wasiƙar, na kuma nemi gafarar Allah. Ba sai mun tsawaita ba.

Na kalli sabon. Ashe fita kika yi da wayar har shagon tela. Kika nuna sabon keke yana sheƙi, kika nuna tsohon da fentinsa ya goge a inda hannu ke dafawa. Matar nan ta ce, "Kullum ina taka shi, kullum ina cin sa kaɗan-kaɗan." Sai a nan kika dawo kan takarda. Ga amsata: kowace riga da ta ɗinka ta ci wani abu daga jikin keken. In ba ta rubuta ba, za ta ɗauka duk riba ce ta cinye, ran da keken ya tsaya ta rasa na sayen wani. Rashin rubutawar ne ƙaryar, kanta take yi wa.

Kawunki ya zo ɗazu da murnarsa. Na ce ya ba wani kujerar.

Ya ce, "Yaya, ke fa kika tayar mini da hankali a kan kujerar nan."

Na ce, "Ni ce kuma na kwantar maka."

Ya ce, "To me za ta ci, bidiyo?"

Na ce, "Abin da nake ci. Yarinyar da ta bar kwangila don kada ɗan wani ya fita aji da duhu a kai, ba ni zan ɗaure ta a tebur ba."

Ya sha ruwansa ya tafi yana ƙunƙuni.

Ni aka yi wa alkawarin, na kuma yafe shi. Kada ki taho ranar Asabar. Kwaleji ba ita kaɗai ba ce a duniya, ki ɗauki aikinki ki ƙwanƙwasa wata ƙofar.

Abu ɗaya: wajen ƙarshe kin ɗan yi sauri, sai da na mayar baya. Ki gyara kafin kowa ya gani.

Allah ya yi miki albarka.

Mahaifiyarki.