Ƙasar da Yaya Ige Ta Zuba a Tafkin Kainji

Zuwa ga daraktan da ya zo garinmu da kyamara bayan daminar bara, ya tafi ya shirya fim ɗin aljanun ruwa.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da iyali da abokan aikinka. Ban kama sunanka ba, don ka san kanka, kuma ba tozarta ka na zo yi ba, ko da yake raina a ɓace yake ƙwarai. Ni ne Garba, tsohon da ya tuƙa ku a kwale-kwale, wanda kake ta kira Baba kana cukuikuye masa riga duk sanda igiyar ruwa ta ɗaga mu.

Na farko, bari in maimaita abin da na faɗa maka a cikin jirgi, tunda da alama ƙarar inji ta hana ka ji. A tsibiri aka haife mu, ni da yayata Ige. Mahaifinmu ya rasu shekarar da aka samu 'yancin kai, can aka binne shi. A al'adar garinmu, da damina ta ɗauke, kowane gida kan ɗebi ƙasa ya je ya tada kaburburan da ruwan sama ya zaizaye. Musulmi na yi, Kirista na yi, masu addinin kakanni na yi, rana ɗaya, kowa da addu'arsa. Da aka gina madatsar Kainji aka ce mu tashi, mun kwashe tukwane da awaki da tarun kifi, har ƙyauren ɗaki Inna ta sa aka cire. Kabari ne kawai ba ya ɗaukuwa. Muna sabon gari muna kallo ruwa ya ci rumbuna, ya ci masallaci, ya ci maƙabarta. Tun daga lokacin, in damina ta wuce, Yaya Ige takan ciko ƙwarya da ƙasar bayan ɗakinta, in kai ta daidai wurin, in kashe inji, ta zuba, ta karanta Fatiha, mu juyo gida. Iyakar abin ke nan.

Na biyu, kai ka roƙa a tafi da kai. Ka ce tarihi kake tarawa saboda yara masu tasowa. Yaya ta ji daɗi har ta ɗaura zanen sallarta, ta soya muku kifi, kuka cinye tas.

Na uku, abin da na gani a wayar maƙwabcina. Ga Yaya a gaban jirgina, an rine mata ido ja, an sa kiɗa mai tada tsigar jiki, wata murya tana cewa ƙasar kabari take zubawa don ta kira 'yan ruwa su kifar da jirage. Ka fi ni sanin abin da Bahaushe ke tunani in ya ji an ce tsohuwa na yawo da ƙasar kabari. Fatihar da ta karanta ka yanke. Ka kawo wani ɗan wasa mai gemun jabu da carbi kamar igiyar ɗaure jirgi, ya karanta ayoyi a kan wata mai irin zanenta har ta kama da wuta. Ni ban hana ka fim ɗin tsoro ba. Aljanu gaskiya ne, Alƙur'ani ya ambace su, mu da muka tsufa a kan ruwa ma mun fi ka labarinsu. Amma duk faɗin tafkin nan ka rasa aljanin da za ka ɗauka sai yayata?

Na huɗu, ga abin da ka bar mana. Yaya kifin banda take kaiwa kasuwar Yelwa tun ba a haife ka ba. Yanzu in ta je bakin ruwa, masu jirgi cewa suke ya cika, ga benci kuwa babu kowa. A gidan suna mata sukan ja tabarmarsu gefe. Kwanan baya iska ta kifar da wani jirgi da aka yi wa lodin hauka, Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba, amma kafin magariba gari ya ɗauka cewa Ige ce. Liman ya ja kunnen jama'a ranar Juma'a, fasto ma ya yi wa nasa magana a coci. A banza. Su magana suka yi, kai hoto ka nuna, mutane kuwa cewa suke ai da idonsu suka gani. Bana damina ta wuce Yaya ba ta je wurin mahaifinmu ba, karo na farko tun da ruwa ya rufe shi.

Saboda haka ina roƙon ka cire fuskarta daga fim ɗin. Ka saki ainihin abin da ka ɗauka, da muryarta da Fatiharta, ba tare da kiɗa ba. Sannan ka zo da ƙafarka, ka tsaya bakin kasuwa da ƙofar masallaci, ka faɗa wa mutane cewa wasa ka shirya. Kada ka aiko da yaro ko da tsaraba, bakinka muke so.

Kuma ka hanzarta, don tana kwance ba lafiya. Shekaranjiya na je duba ta, ta kama hannuna ta ce, "Garba, ran da Allah ya amshi abinai, matan garin ga su yarda su yi man wanka kuwa?" Kai ka jawo wannan tambaya, kai ya kamata ka zo ka amsa mata tun tana iya ji.

Allah ya sa albarka a sana'arka, ya raya maka mahaifiya cikin mutunci, kada ya nuna mata ranar da za ta yi wa wani irin wannan tambaya.

Wassalam.

Garba mai kwale-kwale,
daga bakin tafki, ƙasar Ngaski.