Hannun da Baba Ya Riƙe

Laraba da dare, Haɗejiya

"Yaya, mako ɗaya ni, mako ɗaya ke." Haka autarmu Rabi ta ce ranar da aka kwantar da Baba a asibitin Kano, inda ɗan jinya ɗaya ake bari. Makonta ya wuce tuni, har yau ba ta kauce ba.

Ni nake kwana karatun ciwon nan. Sinadaran da jikinsa ya saki don kashe cuta su ke narkar da naman huhunsa, har ta kai na'ura ce ke yi masa numfashi. Ni na fahimtar da Inna. Amma yau da ya buɗe ido, hannun Rabi ya riƙe! Har da kirana tana guɗa.

Na ba ta zuwa Juma'a. Asabar da asuba ina tasha, kujerar gefen gadonsa kuwa, wallahi sai Rabi ta tashi daga kanta.