Injin da Ya Sallami Kawu Dogo

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yara. Allah ya ƙara maka lafiya da rufin asiri, ya sa albarka a neman da kake yi a can, ya kuma dawo mana da kai muna raye. Mu nan sai godiya. Gwiwar Inna ta yi sauƙi, har ta koma yawon zumuncinta, wanda ka san shi ne maganinta na gaskiya. Maigidana yana nan yana fama da aiki, 'yar ƙaramata kuma ta fara haƙora, ta hana kowa sakat. Na zaɓi in rubuto maka maimakon in kira, domin a waya kai kana sauri ni ina surutu, sai mu rabu ba a faɗi abin da ya kamata ba.

Maganar injin ɗaga motar da ka aiko wa Baba ce. Kada gabanka ya faɗi, bai lalace ba, bai kuma ji wa kowa ciwo ba. Da ma lalacewar ya yi, da rubutun ya fi zo mini da sauƙi. Kawu Dogo ne zai bar mu, in ce ma ya riga ya bar garin, kuma ni da kai muna da hannu a ciki ba da saninmu ba.

Ka daɗe ba ka gida, bari in tuna maka yadda garejin Baba yake tafiya tun da ya bar aikin kamfani ya dawo gyaran motarsa da na maƙwabta a gida. Kawu Dogo, amininsa mai aski, ya rufe shago lokacin da hannunsa ya fara rawa, ba a jima ba kuma matarsa ta rasu. Tun daga nan kullum da safe sai ya iso da 'yar kujerarsa, ya zauna gefen mota. Baba ya shimfiɗa kwali ya shige ƙasa, shi kuma Kawu ya kama mariƙin jan jak ɗin nan mai yoyo, tsohon abin ɗaga motar. Jak ɗin yakan riƙa saki a hankali, Kawu kuma ya sa masa ido, in ya ga ya sauka sai ya ba shi hannu ya maido shi. A tsakani ya miƙa sifana, yawanci ba wadda aka nema ba, Baba ya wurgo masa ita da faɗa. Rediyo na magana, su kuma suna musu da shi da junansu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, har la'asar.

Ka tuna ranar da na kira ka a kan maganar jak ɗin. Na shigo gidan na tarar Kawu yana gyangyaɗi, jak ya sauka, ƙafafun Baba kaɗai ake gani a waje. Na kwarma ihun da sai da maƙwabta suka leƙo, na ce wata rana barcin Kawu zai mayar da mu marayu. Baba ya fito yana dariya, ya nuna mini kututturan da yake girke mota a kai, ya ce ko jak ya mutu murus motar ba inda za ta. Ban saurare shi ba. Ka san ni, in na hau dokin zuciya ba na jin kira. Na matsa maka, kai kuma Allah ya saka maka da alheri, ba ka yi ƙasa a gwiwa ba.

Injin dai ba shi da laifi, gaskiya ɗaya ce. Ƙarafa ne dogaye guda biyu masu 'yan tayoyi, ana jan kowanne a tura shi gefen mota, sai akwatin famfo mai aiki da lantarki, da tiyo biyu da suke haɗa su. Sai da aka sake daɓen siminti a kusurwar da ta lotsa, domin Baba ya ce ba zai ɗora mota a kan karkataccen ƙasa ba. Ya zaunar da ni na karanta masa littafin bayanin daga farko har ƙarshe, yana gyara mini kamar shi ya rubuta. Yanzu in zai ɗaga mota, sai ya durƙusa ya daidaita robobin injin a wuraren da jikin motar yake da ƙwari, ya ɗaga ta kaɗan, ya zagaya ya girgiza ta, sannan ya ci gaba har sakatun da ke hana injin sauka su faɗa, ya sauke nauyin a kansu. Wai ƙarfen da mutum zai kwanta ƙarƙashinsa sai an bi shi da ladabi. Ciwon bayansa ya ragu sosai. Maƙwabta sun yi ta zuwa kallo, shi kuma yana gaya wa kowa ɗansa ne ya aiko.

Da farko Kawu aka ba wa madannin injin, shi yake dannawa. Amma aikin bai wuce ƙiftawar ido ba, mota ta tashi ta tsaya cak, shi ke nan har a gama. Ga gadon nan mai taya na shiga ƙarƙashin mota da ka haɗo, mai faranti a gefe, sifanoni duk suna kusa da hannun Baba, ba sai an miƙo masa ba. Sai Kawu ya zauna ya ɗora hannayensa a gwiwa, yana kallon rawar da suke yi. Ni kuma da bakina da ba ya shiru, wata rana na kawo musu shayi na ce Kawu ya yi ritaya karo na biyu, saura a yi masa walima. Kowa ya yi dariya, har shi. Magana zarar bunu ce, Yaya. Daga makon nan ya fara makara, sai ya fara tsallake rana, in Baba ya aika a tambaya ya ce mura ce.

Ban gane komai ba sai ranar da nake cika baki a ɗakin Inna, ina cewa a ba masu sayen gwangwan ruɓaɓɓen jak ɗin nan ya daina tare mana hanya. Inna ta dube ni irin kallon da take mana in mun fasa kwano. Ta tambaye ni ko a hankalina mutumin da yake warware giyabos ɗin mota ya mayar, 'yar robar cikin jak ce za ta gagare shi shekara da shekaru. Ta ce ranar da Kawu ya fara fitowa bayan rasuwar matarsa, ya tarar Baba ya sayo robar yana shirin buɗe jak ɗin. Kawu ya zauna, ya rame kamar ba shi ba. Sai Baba ya mayar da robar aljihu, ya ce masa ya zo a kan gaɓa, ya taimaka ya riƙe masa wannan abin kada mota ta danne shi. Tun daga ranar Kawu ya samu dalilin yin wanka da safe ya sa riga ya fito. Na ce mata me ya hana ta gaya mana. Ta ce wa ya tambaye ta, mu da muka yanke shawara a waya muka zartar, kuma ina uban da zai mayar wa ɗansa kyauta. Na rasa inda zan sa kaina. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba.

Na tafi wajen Baba da saurina na ce a jingine injin a bango a dawo da jak. Ya girgiza kai. Ya ce Dogo ba yaro ba ne. In ya ga an ajiye lafiyayyen inji an koma wa mai yoyo, zai gane, kuma ranar da ya gane, duk shekarun da ya yi yana ganin shi yake tsare ran abokinsa za su koma sadaka a idonsa. Ya ce gara Dogo ya ɗauka inji ne ya ƙwace masa aiki da ya san tun farko babu aikin. Wannan magana ta tsaya mini a rai har yau, domin ta nuna mini ɓarnar ba ta gyaruwa. Garin neman gira muka rasa ido.

Ka san babbar 'yar Kawu, wadda take aure nesa, ta daɗe tana roƙon ya koma wajenta. Kullum amsarsa ɗaya ce, in ya tafi wa zai riƙe wa Baba jak. A wannan zuwan da ta sake tambaya, bai ja ba. Ita ta gaya mini da bakinta, cikin murna, ba ta san tana soka mini wuƙa ba, wai ya ce yanzu abokinsa ya samu mai tsaron da ba ya gyangyaɗi. Ashe ihun nan nawa yana nan a kunnensa. Na je na durƙusa na ba shi haƙuri, ya shafa kaina ya ce ai gaskiya na faɗa, wanda yake son ubansa haka zai yi. Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi.

Ranar tafiya surukin Kawu, mijin 'yar, ya zo da motarsa, Baba ya ce ba za ta hau doguwar hanya da amininsa ba sai ya duba ta. Aka shigo da ita gareji, ya ɗaga ta, ya juye baƙin mai, ya bi ta lungu-lungu. Sai ga tiyon birki na baya ya tsage yana jiƙewa. Na sunkuya na raɗa wa Baba ya ce ba a samun irinsa sai wani mako, ko Allah zai sa Kawu ya sake tunani. Ya ce shi ba ya ƙarya a kan birki, ya aiki maigidana kasuwa ya sayo, ya ɗaura. Da ya gama sai ya leƙo ya ce Dogo ya sauko ya ga aikin da idonsa, tunda yanzu akwai fili. Kawu ya ce da ma duk shekarun nan tafin ƙafar Baba kawai ya sani a wajen aiki. Muka shimfiɗa masa kwali, muka kama shi ya kwanta, ya ja jiki ya shige. Tsofaffi biyu a ƙarƙashin mota, ƙafafu huɗu a waje, ba ƙarar sifana, sai ƙus-ƙus. Surukin yana ta duba agogo, Inna ta cika masa kofi da shayi ta ce ya sha a hankali da zafi. Sun daɗe. Ban tambayi abin da suka faɗa ba, kuma ba zan tambaya ba.

Da suka fito Baba ya zare sakatun, ya miƙa wa Kawu madannin ya ce ya sauke motar. Ya danna da hannu biyu har tayoyi suka taɓa ƙasa. Muka raka su bakin titi, mu da maƙwabta, amma Baba bai fito ba. Da na dawo na same shi yana naɗe tiyon injin, ya naɗe ya warware ya sake naɗewa. 'Yar kujerar Kawu kuma an tafi da ita cikin kaya.

Sun yi waya sau ɗaya tun tafiyar, ina wurin. Suka gaisa, ya gajiya, ya iyali, ya baƙunta, shi ke nan. Mutanen da suke musu daga safe har yamma suka rasa abin cewa, domin ba su saba hira ba sai da mota a tsakaninsu. 'Yar ta ce yana cin abinci, yana samun kulawa, amma yawanci yana zaune a ƙofar gida yana kallon motoci. Na san da-na-sani ƙeya ce, kuma ban rubuto don in ɗora maka laifi ba, ni na fara kunna wutar. Na rubuto ne don kada ka zo ka ji a bakin wani, kuma don in roƙe ka abu ɗaya. In ka kira Baba kada ka ba shi haƙuri, kada ka nuna ka san komai. Zai ce maka inji yana aiki lafiya lau, kuma gaskiya ne. To kada ka yi sallama a nan yadda ka saba. Ka ja shi da musu, ko a kan mene ne, ka ce masa motocin yanzu sun fi na da ƙarko, ka bar shi ya wanke ka tas. Ni ina zuwa duk lokacin da na samu sarari, amma ni ya ɗauke ni yarinya, ba ya musu da ni.

Inna tana gaishe ka, ta ce ka riƙa cin abinci, hoton da ka turo duk wuya ne. Gwaggo da Yaya Babba da maigidana suna miƙa gaisuwa. Ka gaishe mini da Anti da kyau, ka shafa mini kan yara, ka gaya wa babban cikinsu ina jiran wasiƙar da ya yi mini alkawari. Na gaya wa Baba zan rubuto maka, ban dai gaya masa abin da zan rubuta ba, na tambaye shi ko yana da saƙo. Ya ce a gaya maka ya gode, Allah ya yi maka albarka, aikin da yake kai shi la'asar yanzu kafin azahar ya gama. Ya goge hannu da tsumma, sannan ya tambaye ni ko na san abin da mutane suke yi da sauran yinin. 

Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka,
Auta