Na Ari Muryar Babana, An Karya Masa Hannu

Assalamu alaikum mutanen wannan gida. Admin don girman Allah ka ɓoye sunana, in aka gane ni kashina ya bushe. Don Allah ku ba ni shawara da gaggawa, wanda zai zage ni ya zaga, na cancanta, amma bayan zagin ya gaya min abin yi.

Ni ɗan Kazaure ne, ina da ɗan situdiyo, ɗaki ɗaya da kwamfuta da makirufo, ina haɗa wa mutane waƙoƙin biki da na talla. Babana makaɗin dambe ne, kalangu ya gada, daga Roni har Gwiwa babu filin damben da ba a san muryarsa ba. Ni ne na ƙi ɗaukar kalangu a gidanmu, kullum ina ce masa Baba zamaninku ya wuce, kiɗa ya koma cikin kwamfuta, yanzu ko suna ake yi DJ ake kira.

Ga wanda bai san dambe ba, kowane babban ɗan dambe yana da takensa, kiɗa ne da kirari da in aka buga shi kaɗai ake nufi, ko tuwo yake ci sai ya ajiye ya fito fili. Akwai wani ɗan dambe mahauci a wajen Roni, aminin Baba ne na ƙut da ƙut, ya rasu shekarun baya. Ranar da aka kai shi makwancinsa Baba ya rantse a gaban ƴan'uwan marigayin cewa an binne taken tare da shi, ba zai ƙara buga wa wani mahaluki ba. Na san da rantsuwar nan sarai, ba zan yi muku ƙarya ba.

Watan jiya wani ɗan dambe daga wajen Babura ya zo in yi masa waƙa, hira ta kai mu kan manhajar nan ta AI mai kwaikwayon murya, ya ce ƙarya ne, babu injin da zai iya muryar Baba. Ni kuma ga son burga kamar me. Na ɗauko tsohon kaset ɗin Baba na zuba a kwamfuta, na zaɓi taken marigayin don ya fi kowanne daɗi, na cire sunansa na sa na ɗan Baburan. Shaiɗan bai bar ni nan ba, har na ƙara wani baiti cewa ko mai taken na farko da yana raye da gudu zai yi. Wallahi da abin ya fito sai da tsigar jikina ta tashi, Baba ne sak, har ƴar shaƙewar nan da yake yi in ya ja baiti. Na tura masa a waya na ce kada ya ba kowa. Ba a yi sati ba na ji ƴan acaba suna ta sa ta a tasha.

Ranar Asabar da hantsi Baba ya hau babur da kalangunsa zai je wani suna, ƙannen marigayin da ƴaƴansa su huɗu suka tare shi a hanyar Roni. Suka fizgo shi ƙasa, suka rufe shi da gora, ɗaya ya kunna waƙar ya manna masa wayar a kunne ana dukansa, yana rantsuwa ba shi ya yi ba suna cewa to muryar uban wa ce. Haƙoransa biyu suka zube, suka ɗora hannunsa na dama a kan dutse suka karya shi wuri biyu, hannun da yake kiɗa da shi, suka sa wuƙar fawa suka farke kalangun suka jefa masa a ƙirji. Tsoho ne fa, ya ba sittin baya. Ni na kai shi wajen mai ɗori, ni na danne kafaɗunsa ana jan ƙashin yana ihu, jininsa ya ɓata min riga.

Baba ya hana a kai maganar wajen ƴan sanda, wai ƴaƴan amininsa ne, kuma da shi ya yi waƙar da sun yi daidai. Abin da ya fi ci masa rai ba hannun ba ne, tsofaffin abokansa na fili ko dubiya ba su zo ba, ana ta yawo da shi a gari cewa ya karya rantsuwa. Amma yayana, wanda shi ya gaji kalangun, ba ya jin wannan karatun. Mutum ne mai zafin zuciya, ya tara abokansa, adda na gani da idona yana wasawa a bayan gida, sun ce ranar Juma'a in kasuwa ta cika za su faɗa rumfar mahautan, wato dangin marigayin. Innarmu ta yi kuka ta riƙe ƙafarsa, ya ce ko za a kashe shi sai ya rama, kuma duk ranar da ya kama wanda ya haɗa waƙar yatsunsa goma zai guntule ɗaya bayan ɗaya. A gabana ya faɗa, ina zaune ina kaɗa kai. Su ma mahautan sun ji labari, kun san kuma ba hannu sake suke zama ba. Ɗan Baburan ya kashe wayarsa, an ce ya tsallaka Nijar, ni kaɗai na rage da sanin gaskiya.

Jiya da safe Baba ya sa aka kira ni ɗakinsa, ya ce in kunna masa waƙar. Sau uku ya saurara idonsa a rufe, sannan ya ce muryarsa ce amma mai waƙar nan ba ya numfashi, ba mutum ba ne, wani ne ya zauna ya haɗa ta. Ya ce wanda ya yi masa wannan bai yafe masa ba duniya da lahira. Sai ya kamo hannuna da hannunsa mai lafiya, ya ce ni ne na san kan waɗannan abubuwa, in taimaka masa in nemo mutumin, don ya wanke sunansa kafin ya mutu. Na ce to Baba, zan nemo shi.

Jama'a ya zan yi? In na yi shiru jini zai zuba a kasuwa, wataƙila na yayana. In na yi magana addar nan kaina za ta juyo, kuma Baba zai san ɗan da ya haifa ne ya ce bai yafe wa ba. Wa zan fara tunkara, Baba, ko yaya, ko mahautan? Ku amsa min don Allah, yau Laraba.