Tafin Hannuna a Katangar Ambaliya

Zuwa ga Aziza, furen badon fadamata, sanyin ruwan randa, farar balbelar da ke taka laka ba ta ɓaci, fitilar da ta haska ni har ta hasko abin da nake ɓoyewa! Gaisuwa mai yawa kamar ciyawar kacallar da ta cinye mana kogi. A yanke ta yau, gobe ta tsiro. Haka sonki yake a raina, kuma haka yake tare mini hanya.

Sannu da aiki, sarauniyar masu gaskiya! Tun ranar da masu zanen nan suka sauka Haɗejiya da kyamarorinsu, suka ce kowa ya zo ya nuna dangantakarsa da ruwa, na san za a yi abin kallo. Dangantaka! Mu da ruwa ya kwana a ɗakunanmu, ya tafi da awakinmu ko sallama babu, mu ake tambaya ko mun san shi? Suka shafe katangar tsohon rumbun shinkafa da farar ƙasa, suka ce kowa ya tsoma hannu a lakar kogi ya manna daidai inda ambaliyar bara ta kai a gidansa, a rubuta sunansa a gefe. Ke aka ba riƙon ƙwaryar lakar, kuma ni da bakina na ce ki karɓa. Tsuntsun da ya ja ruwa, ai shi ruwa kan doka.

Kin tuna safiyar farko, ya hasken idona? Wani ya baza cewa da tsayin hannu za a raba tallafi. Ɗahiru mai shayi, wanda ko kazarsa ba ta jiƙe ba, ya zo da tsani. Hajo mai ƙosai ta hau turmi ta yi ɗage. Baƙin nan suna ta ɗaukar hoto suna girgiza kai, har ɗaya ta share hawaye. In da katangar nan za a bi, babu wanda ya tsira a garin nan sai mai fiffike!

Ni kaɗai na durƙusa. Kowa yana ƙaryarsa sama, ni ina tawa ƙasa, kuma kin san dalili. Ranar da kawuna ya je nemar mini aurenki, Baba ya ce ba zai kai 'yarsa gidan da kowace damina sai an fito da ita a kwalekwale ba. Na aika masa cewa ruwa bai wuce idon sawu ba a gidanmu. Ga shi kuwa tsaye a bakin katanga, yana kallon inda zan sa hannu. Me kike so in yi? Saura taki ɗaya in tsira, sai kika janye ƙwaryar, kika tsoma yatsa, kika ja layi daidai inda wuyana ke kaiwa in ina tsaye. Kika faɗa da wannan muryar taki mai zaƙi, yadda na kasuwar kifi ma za su ji, cewa da idonki kika ga shaidar ruwan a zaurenmu ranar da na tuƙo ki kika kawo wa Innata abinci. Wayyo zumata mai harbi! Duk maƙaryatan Haɗejiya kin miƙa musu laka da murmushi, sai ni, mai ƙaunarki, gaskiya ta taso miki a kaina?

Na miƙe na manna hannuna a kan layinki, don ba ni da wata mafita. Baba ya kaɗe rigarsa ya tafi. Sau biyu kawu yana zuwa, ana ce masa Baba ya tafi cin kasuwar Kafin Hausa, ranar da ba ta ci. Na ji haushinki, Aziza, har tuwo na ƙi. Na kuma ji kunya, don ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma da an ɗaura, ke ce ruwan zai tarar a ɗakin.

To ga gaskiya tunda ita kike so. Ba ni da fili a tudu. Komar kamun kifina a nan take, gonar shinkafata a nan, kabarin mahaifina a nan. Ruwa zai dawo, in ba bana ba to baɗi. Abin da nake da shi kwalekwale ne da ba ya yoyo, da hannu biyu da ba su taɓa sakin wanda suka ɗauko ba.

Amma ya ke mai auna wuyan mutane, kwana huɗu kina riƙe da ƙwarya, na duba katangar daga farko har ƙarshe ban ga naki hannun ba. Ta wani kika iya faɗa? Ranar Asabar za su rufe aikin. Hannun Baba yana can ƙasa, inda ruwa ya tsaya a ƙofar gidanku. Gefen nawa akwai fili, kuma duk garin ya san hannu gidan mai shi yake nunawa. Ki tsoma naki ki zaɓa, Baba yana kallo, yadda kika sa na yi.

Naki har ranar da kogin Haɗejiya zai juya ya koma inda ya fito,
Fatihu masunci.