Famfon da Ba a Wanke Ba

Bukkuyum, 10 ga Satumba, 2021

Zuwa ga matata Shamsiyya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da abin da ke cikinki, kuma ƙafafun nan sun rage kumburi. Ki gaishe min da Gwaggo Zuhura da duk mutanen gidan Anka. Ni lafiyata ƙalau, sai dai kewarki, da tuwon gidan yayana da ba ya wuce min maƙogwaro.

Tun da aka rufe layukan waya na koma ɗan makaranta, ga biro ga takarda. Hammadu direba, mai ɗaukar fasinja daga Gummi zuwa Anka, ya ce zai riƙa kai miki duk ranar da ya samu mai. Kada ki yi wa rubutuna dariya a gaban mutane.

Na san ba labarina kike jira ba, labarin gayaunarki ne. To ki kwantar da hankalinki. Waken ya rufe kunyoyi, ya fara fure, duk mai wucewa sai ya tsaya ya tambayi wane iri ne. Nakan ce musu waken surukata ne, marigayiya Inna Hindu, ɗan fari mai jan hanci, wanda ba a samun sa a kasuwa. Ban manta abin da kika ce min a bakin mota ba, cewa shi ta ƙullo a bakin zane ranar da aka tashi tungarku, kuma shi kaɗai ya rage miki na hannunta. Ban kuma manta alkawarin da na yi miki a nan ba, cewa zan kula da shi. Har yanzu ina jin haushin ragowar ƙoƙon da kika ce kin yi kyauta da shi bayan shuka. Ke dai hannunki ba ya riƙe abu.

Ƙwari sun fara taɓa furen, don haka feshi ya zama dole. Namadi maƙwabcinmu ya ari famfona na feshi ya yi wa shinkafarsa maganin ciyawa, ya ce kwana biyu, ya yi tara. Jiya na dawo daga gona na tarar da shi jingine a zaure, ba sallama ba godiya. Kin san yadda nake da kayan aikina, kuma ba ni na ƙirƙiro ƙa'idar ba. Famfon da ya sha maganin ciyawa sai an wanke shi sau uku da omo, a tura ruwan ta tiyo har ya fito fari, a kife shi a rana, sannan a miƙa wa mai shi hannu da hannu a gaya masa abin da aka zuba. Na tare Namadi bayan La'asar na tambaye shi ko ya wanke. Ya ce ya wanke tas.

Gobe da safe in Allah ya kai mu zan yi feshin, kuma da gayaunarki zan fara kafin tawa gonar. Allah ya sauke ki lafiya.

Mijinki mai kewarki,
Nafi'u

Bukkuyum, 19 ga Satumba, 2021

Zuwa ga Shamsiyya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina tambayar jikinki da na Gwaggo. Ina roƙon ki zauna kafin ki ci gaba da karantawa, kuma ki tuna da halin da kike ciki.

Kwana shida ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Shamsiyya, waken Inna ya ƙone.

Na yi feshin ranar Asabar kamar yadda na gaya miki. Ran Litinin na ga ganyen ya fara murɗewa, kan kowane tsiro ya sunkuya. Na ce ko rana ce. Ran Laraba furen ya zube ƙasa gaba ɗaya. Na bi kunya-kunya a durƙushe ina neman ko guda ɗaya da ya tsira, ban samu ba. Tawa gonar da na fesa daga baya ba abin da ya same ta sai ɗan gefe, don kafin in kai can ruwa ya riga ya wanke dafin a kan gayaunarki. Da na kwance tiyon na sansana, sai ga warin maganin ciyawa. Da hannuna na zuba wa waken mahaifiyarki, ina tafe ina murna wai ina yi miki hidima.

Na je na samu Namadi a ƙofar gidansa yana gyaran galma. Da farko ya rantse ya wanke. Da na kai masa tiyon hanci, sai ya ce ai ya ɗauraye shi sau ɗaya a bakin rafi, ya zaci ya isa. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne yadda ya rufe maganar. Ko galmar bai ajiye ba, ya ce, “Wanga abu ƙaddara ta, Nafi'u. Wake na fa, ba mutum ba.”

Wake ne fa, ba mutum ba. Ina tafiya ina jin ta, ina salla ina jin ta. Shekara nawa mutumin nan yana ɗaukar kayana? Gatarina ya dawo da baki kamar haƙoran tsoho, na yi shiru. Amalankena ya dawo taya ba iska, na yi shiru. Ni kuwa ranar da na ari laujensa sai da na wasa shi na shafa masa mai kafin in mayar. Ashe shirun nan da nake yi shi yake ɗauka wauta.

Washegari matarsa Rashida ta aiko da kwanon dambu, na ce a mayar mata. Da yamma ta zo da kanta ta tsaya daga bayan zana, wai tana da magana game da waken. Na ce mata ba na son jin sunan wake daga bakin kowa na gidansu, ta juya ta tafi. Na san ƙawarki ce, amma ki yi haƙuri, ban-haƙurin baki ba ya tsiro a gona.

Ban wanke famfon ba. Yana nan rataye a ɗaki yadda yake, kuma ina da dalili. Namadi ma yana da wake, kuma nasa bai kai fure ba tukuna.

Ki yafe min sakacina, da na sake wankewa da kaina da ba a yi haka ba. Ki rubuto min ko layi biyu ne.

Mijinki,
Nafi'u

Bukkuyum, 30 ga Satumba, 2021

Zuwa ga Shamsiyya,

Assalamu alaikum, da fatan kin tashi lafiya. Ina gaida Gwaggo. Ban ga amsarki ba har yau. An ce motar Hammadu tana can Anka a ajiye saboda rashin mai, don haka na ba zuciyata haƙuri cewa ba fushi kike yi ba. Wannan zan ba duk wanda na samu mai zuwa wajenku.

Yau na ci abinci har na nemi ƙari, rabona da haka tun ranar da furen ya zube.

Liman ya tara mu ni da Namadi bayan Azahar shekaranjiya, ya yi mana nasiha kan haƙƙin maƙwabtaka. Na sunkuyar da kai kamar mutumin kirki. Namadi ya miƙo hannu na karɓa, har na ce komai ya wuce. Da muka fito, ni da kaina na ce masa na ga wakensa ya fara fure, in yana son famfo ya zo ya ɗauka, kada ƙwari su riga shi. Da kin ga yadda fuskarsa ta washe. Ko kunya bai ji ba, Shamsiyya. Mutum ya kashe maka shuka da abu, ka sake miƙa masa abin, ya sa hannu biyu ya karɓa.

Ba zan ɓoye miki abin da na yi ba, don ke kaɗai nake iya gaya wa. Tankin na wanke shi fes, har yana ƙamshin omo, ko wa ya buɗe zai yaba. Amma tiyon da cikin famfon kansa, inda ido ba ya kaiwa, na ɗura musu maganin ciyawa tsantsa, irin wanda ya sa wa shinkafarsa, ba ɗigon ruwa a ciki. Warin maganin ƙwari zai rufe sauran. Jiya da safe ya zo, na miƙa masa hannu da hannu kamar yadda ake yi. Ya tambaye ni a wanke yake? Na ce masa na wanke tas. Kalmarsa na mayar masa, ban ƙara ko ɗaya ba.

Na tsaya a ƙofar gida ina kallon sa ya goya shi ya nufi bayan gari. Na san za ki ce in ji tsoron Allah. Ina jin tsoronsa, kuma na yi istigfari, amma ban ji nadama ba, ba zan yi miki ƙarya ba. So nake ya durƙusa a kunya yana neman tsiro ɗaya mai rai kamar yadda na yi. In ya zo yana kuka, na riga na tanadi abin da zan ce masa. Zan ce ƙaddara ce, wake ne ba mutum ba.

Don ke na yi, da Inna da ke kwance a kabari. Ki kula min da kanki, ki riƙa cin abinci.

Naki har kullum,
Nafi'u

Bukkuyum, 5 ga Oktoba, 2021

Zuwa ga Shamsiyya,

Assalamu alaikum. Barka da arziki, barka da sauka lafiya. Hammadu ya iso jiya da yamma, tun daga bakin tasha yake ɗaga min hannu yana cewa mace ce. Na yi sujada a nan inda nake. Yaya jikinki, yaya jaririyar? Sannu, Allah ya raya mana ita. Ki yi wa Gwaggo sannu da ɗawainiya. Sunan da kika roƙa na amince, Hindu za a sa mata. Zan shigo motar jibi don in riski suna, amma na ba Hammadu wannan ya riga ni, domin abin da ke ciki ba zan iya faɗin sa ina kallon idonki ba.

Ya ba ni wasiƙarki, wadda kika rubuta tun ashirin da biyu ga watan jiya. Kwana goma sha biyu tana cikin aljihun motarsa. Na karanta inda kika ce kin yi kuka kwana ɗaya kin share hawaye, kada in sa damuwa, kada kuma in taɓa Namadi. Kika ce ragowar ƙoƙon nan da nake miki gori a kansa Rashida kika ba, ta shuka a 'yar gayaunarta da ke bakin gonar mijinta. Kika ce in an yi girbi in je in karɓo mudu ɗaya, irin Inna bai ɓata ba.

Ban ƙarasa karantawa ba na kama hanyar bayan gari da gudu, takalmi ɗaya a ƙafa. Gonar Namadi na fara gani, kore shar, furen nan fari tas, ƙudan zuma na ta yawo a kai. Gefe kaɗan ne ya murɗe. Sai na gangara wajen gayaunar Rashida. Kin san abin da na gani, don na taɓa kwatanta miki shi. Da tata Namadi ya fara feshin, Shamsiyya. Shi ma da ta matarsa ya fara kafin tasa.

Na durƙusa na bi kunyoyin nan ɗaya bayan ɗaya, guda goma sha ɗaya ne. A ta ƙarshe na samu wata 'yar kwanso da ta fara fitowa ta bushe, na fasa ta, ba komai a ciki. Ina nan durƙushe Rashida ta zo ɗaukar itace. Ba ta zage ni ba, na so a ce ta zaga. Ta ce abin da ta zo gaya min ke nan ranar da na kore ta daga bayan zana. Da na ƙi ji, sai ta bar shi a ranta, ta ce in ya nuna za ta auna ta kai miki da kanta ranar da kika dawo da goyo.

Da Magariba Namadi ya yi sallama a zaure, famfon a hannunsa. Bai jingine shi ba wannan karon, ya tsaya har na fito ya miƙo min hannu da hannu. Ya kwance tiyon ya nuna min, ya bushe ƙayau, ba wari. Ya ce, “Sau ukku na wanke shi, Nafi'u, da omo. Maganin ƙwari ɗai ni zuba.” Ya dube ni, na dube shi. Ya juya ya tafi. Maganar da na tanada masa tana bakina, ban samu inda zan ajiye ta ba.

Yau tun safe na zaga gari gida-gida da tambaya, na je wajen masu sayar da iri, na sa Hammadu ya tambaya a Gummi ko akwai wani daga tungarku da ya fito da shi. Kowa ya ce bai san ɗan fari mai jan hanci ba. Zan ci gaba da nema, amma kada ki sa rai saboda maganata, na riga na yi miki alkawari sau ɗaya a bakin mota.

Har yanzu ina jin haushin Namadi, ba zan ce miki ya fita ba. Sai dai shi ɗauraya ɗaya ya yi ya zaci ta isa. Ni na zauna na auna, na ɗura, na miƙa masa ina murmushi. Kin ce in yarinyar nan ta fara cin abinci, da waken kakarta za ki fara mata. In ta girma ta tambayi inda ya tafi, kada ki ce mata maƙwabci ne. Ki turo ta wajena.

Ki gaida Gwaggo. Sai na iso, in kin yarda in shigo ɗakin.

Mijinki,
Nafi'u