Bangon Baba da Ƙirjin Inna

Zuwa ga mahaifina, Malam Bello,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa irin ta 'ya ga uba, ina roƙon Allah Ya sa kana cikin rahamarSa.

Baba, na kasa zama wuri ɗaya. In na zauna a ofis, hankalina yana unguwarmu, Briqueterie. In na dawo gida, sai in yi ta zagaye bangon zaurenka kamar kazar da ke neman wurin ƙwai.

Ka san bangon: baƙin dutsen da ka sa aka faso a bayan unguwar Tsinga, lokacin kowa na gini da jan bulo, ana ce maka mai taurin kai. Nakan tuna ka da la'asar kana watsa masa ragowar ruwan buta, ya yi duhu, kafin ka gama lazimi ya bushe. Kakan ce, "Abin da ya sha ruwa, a bar shi ya sha iska."

Bayan tafiyarka kiriz, wato matsin tattalin arziki, ta shigo. Aka yanke albashi, aka sake yankewa. Yaya Sani ya ba wani tela hayar zauren, ban ga laifinsa ba, da kuɗin muke cefane. Telan ya ce dutsen ya yi kama da kurkuku, ya shafe shi ciki da waje da berni, man nan mai sheƙi. Har ni na yaba.

Ashe dutsen nan, duk taurinsa, yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Yakan ja ruwa daga ƙasa, ya fitar ta fuska. Da berni ya toshe su, ruwan damina ya rasa hanya, sai ya bi ta bangon ɗakin Inna. Farin gishiri ya taru ƙarƙashin man, dutsen yana ɓarewa kamar ɓawon albasa. Katifar Inna kullum a jiƙe, tari kuma ya kama ta, irin mai fito.

Wani magini ya ce a wanke da asid, wani ya ce asid zai ƙara buɗe ƙofofin, dutsen ya riƙa shan ruwa fiye da da. Sai dai a kankare da hannu, a bar shi rani guda ya bushe. Ƙirjin Inna ba zai jira rani ba, Baba, kuma ina jin tsoro.

Na gyara mata ɗaki wurin Goggo a unguwar Cité Verte. Ta ƙi. Na yi lallashi, na yi faɗa, na yi kuka. Ta ce tun ranar da aka kawo ta gidan nan ba ta taɓa kwana a waje ba sai da izininka, ba kuma za ta fara da tsufanta ba.

To ga ni na zo tambaya, Babana. Gobe zan kira taksi. Zan ce mata na faɗa maka, kuma ba ka hana ba.

Allah Ya haskaka makwancinka, Ya yalwata shi, Ya bar mana Inna tukuna.

'Yarka,
Hadiza